Ranar Allura a Kwatar Gana

Shafi na 17

Salamu alaikum mutanen gidan nan. Tun jiya wayata ba ta huta ba, wai na bar Bara'atu a tsakiyar ruwa na yi tafiyata. To ga ta na kawo muku ita gaɓa. Ke kuma da kika ce a jefa Inna Hajo kogi, ki karanta ki gama tukuna.

*

Kwalekwalen bai gama taɓa ƙasa ba Bara'atu ta gane akwai magana.

Ba kowa a bakin ruwan Kwatar Gana sai mijinta Rilwanu. Yana tsaye ruwa har gwiwa, ya cafe igiyar da aka jefa masa yana murmushin yaƙe. Rabonsu da juna tun bayan Babbar Sallah, lokacin da ta tafi Hadejia jinyar mahaifiyarta da ta karye a ƙafa, ambaliya kuma ta zo ta cinye hanya. Sai yau ta samu kwalekwalen masu allurar riga-kafin korona ta biyo su, tunda shugabarsu Shamsiyya ƙawarta ce, kuma 'yar kawun Rilwanu.

Ya miƙa mata hannu ta sauko a hankali cikin ƙaton hijabinta. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Sannu da hanya. Kin yi ƙiba fa."

Shamsiyya ta fashe da dariya ta cikin takunkumi. Bara'atu ta kai mata mintsini.

"Tuwon Hadejia ne," in ji Shamsiyya. "Kai da kifi kawai kake ba ta. Ina mutanen? Bulama ya ce min an yi shela."

"An yi."

"To?"

"Shelar Inna ta fi ta Bulama ƙarfi."

Dariyar Shamsiyya ta ɗauke.

Inna Hajo, mahaifiyar Rilwanu, ita ce uwar masu bandar kifi a garin. In ta ce mata su fito, za su fito. In ta ce su zauna, ko gobara ake sai sun jira ta ba da izini. Mazan kuwa inda matansu suka yi nan suke yi, ko da ba za su yarda da haka a bakin masallaci ba.

Rilwanu ya rage murya ya dubi matarsa.

"Mairam maƙwabciyarmu ta je ta gaya mata. Wai tun kafin azumi ta gan ki a asibiti a Hadejia, kin miƙa hannu ana yi miki. Jiya Inna ko tuwo ba ta ci ba."

Bara'atu ta dafe gefen kwalekwalen.

"Mu je," in ji Shamsiyya, ta rataya kular ƙanƙarar da magungunan ke ciki. "Aiki muka zo yi. Gwaggo ba za ta cinye ni ɗanya ba."

"Bandar ki za ta yi," in ji Rilwanu.

*

A gindin tsamiyar ƙofar gidan Bulama, mai garin, suka kafa tebur. Abokan aikin Shamsiyya suka ajiye bokiti mai famfo da sabulu, suka jera benci. Shamsiyya da kanta ta ɗauki kara ta riƙa shata layi a ƙasa, tsakanin kowane biyu da tazara, domin masu tsayuwa.

Layukan suka yi kyau. Ba mai tsayawa a kansu.

Bulama Mala ne kaɗai a zaune kan kujerarsa ta roba, takunkuminsa a ƙarƙashin gemu. Sauran mutanen gari sai leƙe ta saman zana. Wata akuya ta zo ta shinshina sabulun ta wuce.

"Ranka ya daɗe, a ja takunkumin ya rufe hanci," in ji Shamsiyya.

"'Yata, wa zan ɗauka a wajensa? Akuya?"

Bai rufe baki ba ƙamshin hayaƙin banda ya riga su isowa. Mata ne suka ɓullo ta lungun masallaci, sun kai talatin, zannuwansu duk toka. A gabansu wata 'yar ƙaramar tsohuwa, ta ɗaure ƙugu da gyale, riƙe da sandar da take juya kifi a kan wuta.

Bara'atu ta durƙusa tun daga nesa.

"Inna, ina wuni. Mun same ku lafiya?"

Inna Hajo ba ta ko dubi inda take ba. Kai tsaye ta nufi teburin.

"Shamsiyya."

"Na'am, Gwaggo."

"Wa ya goya ki lokacin da uwarki ke kwance da zazzaɓi?"

"Ke ce."

"Wa ya raka ki Hadejia ranar da za ki shiga makarantar asibitin nan, ubanki yana cewa ba za ki ba?"

"Ke ce, Gwaggo."

"To da wannan za ki saka min?"

"Gwaggo, ki zauna mu yi..."

"Ba zan zauna ba!" Ta buga sandar a ƙasa. "Yarinyar nan shekara nawa tana gidana ba ɗa ba jika? Sau ɗaya Allah ya nuna mana, ya karɓe kayansa tun yana gudan jini. Ina ne ban je ba? Na je Guri, na je Auyo, na je har Kaugama a bayan babur da wannan ƙugun nawa. Rubutu, sassaƙe, turare, ba wanda ban kawo mata ba. Duk wadda ta buɗe baki a garin nan ta kira ta juya, ni na rufe mata shi. Ko ƙarya nake?"

"Gaskiya ne," matan suka amsa. Wasunsu suka sunkuyar da kai, domin su aka rufe wa bakin.

"Ina nan ina roƙon Allah dare da rana, ke kuma kin ja ta kin kai an soka mata abin da ke ƙone mahaifa."

"Wa ya ce yana ƙone mahaifa?"

"Yana cikin waya! Mairam, kunna musu."

Mairam ta fito daga bayan mata tana gyara ɗaurin ɗankwali, ta daddanna wayarta. Muryar wani mutum ta tashi, yana ta rantsuwa yana haki, wai duk macen da aka yi wa ta gama haihuwa har abada.

Shamsiyya ta bari ya gama.

"Mairam, waye wannan?"

"Wani malami ne."

"Sunansa?"

"To... turo min aka yi."

"A wane gari yake?"

Mairam ta juya wayar ta duba bayanta kamar a nan aka rubuta.

"Gwaggo," in ji Shamsiyya, "mutumin da ba ki san sunansa ba, ba ki san ubansa ba, shi za ki yarda da shi, ni da kika goya ki ƙaryata ni?"

"Kar ki juya min magana! Ke kika kai ta ko ba ke ba?"

"Ba ita ba ce, Inna."

Kowa ya waiga. Rilwanu ne, ya cire hula yana murza ta a hannu.

"Ni na kai ta. Ni ma an yi min. Sau biyu."

Salati ya tashi. Har masu leƙe ta zana suka fara fitowa.

"Auta?" Muryar Inna Hajo ta yi ƙasa. "Kai?"

"Inna, ni na riƙe Baba a kwalekwale shekarar da dattawa suka yi ta tafiya. Ina ji yana neman numfashi kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Ba mu kai Hadejia da shi ba. Da aka ce ga riga-kafi, na ce ba zan sake riƙe wani nawa a haka ba. Ke ma na so in kai ki, na san ba za ki yarda ba."

Kowa ya zaci sandar ce za ta sauka a bayansa.

Sandar ta faɗi ƙasa. Inna Hajo ta bi ta, ta zauna dirshan a kan yashi, ta miƙe ƙafafu. Sai hawaye. Ba kururuwa, ba zagi, hawaye kawai yana bin tokar da ke fuskarta.

Jama'a, ni da nake ba ku labari na fi son faɗanta da wannan kukan.

"Shi ke nan," ta ce. "Zan bi maigidana Malam kabari ban goya ɗan Auta ba."

"Inna..."

"Ku ɗauke kayan nan. Shamsiyya, ɗauki tukunyarki ki koma inda kika fito. An gama da gidana, ba za a gama da sauran gidajen ba. In kika sake shigo da ita garin nan, ba ni ba ke."

Wasu samari biyu suka matso suka kama hannun kular. Bulama Mala ya buɗe baki, ya dubi yawan matan, ya ja takunkuminsa ya rufe bakin da hancin gaba ɗaya.

Shamsiyya ta danne murfin kular da tafin hannu. Ta dai juya ta dubi Bara'atu.

Ita kaɗai ta sani. Ita ta yi mata gwajin a Hadejia, kuma Bara'atu ta sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, ko Rilwanu. Maganar ba tata ba ce, ba za ta faɗa ba ko da za a jefa ta ruwa da kular.

Bara'atu tana durƙushe inda take. Ina ita ina faɗar irin wannan magana? Abin da mace ke ɓoyewa har sai zani ya tona, shi za ta faɗa da bakinta a gaban surukarta, ga Bulama, ga mazan gari? Ban da kunya ma akwai tsoro. Wancan karon an yi murna da wuri, aka kwana ana kuka.

Sai ta ɗaga kai. Can bayan taro ta hango tsofaffin garin, masu dogara sanda, masu tari. Ta dubi Inna Hajo a zaune a ƙasa, wadda ta taɓa tafiya Kaugama a bayan babur saboda ita.

Samarin suka ɗaga kular.

"Ku ajiye."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma da yake ba wanda ya taɓa jin Bara'atu ta yi magana a taro, sai suka ajiye.

Ta tashi, ta taka har gaban surukarta, ta durƙusa gab da ita.

"Inna, ara min hannunki."

"Me za ki yi da shi?"

"Don Allah, Inna."

Ba ta jira ba. Ta kamo hannun nan mai kaushi, mai ƙamshin hayaƙi, ta ja shi ƙarƙashin hijabinta ta ɗora a kan cikinta. Ta rufe ido.

Inna Hajo ta yunƙura za ta fizge. Sai ta tsaya.

Hannun ya yi dama. Ya yi hagu. Ya sauka ƙasa, ya dawo sama.

Bakinta ya buɗe.

Sai ta zabura kamar wadda tarwaɗa ta soka.

"Ya harbe ni!"

"Wa?" in ji Mairam.

"Rufe min baki!" Ta kai ɗaya hannun ma ta cusa. Ta matso da fuskarta kusa da ta Bara'atu. "'Yar nan. Dube ni. Wata nawa?"

Bara'atu ta kasa ɗaga ido. Ta buɗe yatsun hannunta ɗaya gaba ɗaya a kan gwiwar tsohuwar.

"Biyar? Allurar fa, yaushe aka yi?"

"Tun kafin azumi, Inna."

Inna Hajo ta fara lissafi da yatsu. Matan da ke bayanta su ma kowacce ta ɗaga yatsu, ana ta motsa baki: azumi, Ƙaramar Sallah, watan bawa, Babbar Sallah...

"Bayan allurar ne," wata ta ce a hankali.

"Bayan allurar ne!" wata ta ɗaga murya.

Inna Hajo ta miƙe tsaye kamar yarinya. Ta kama hanci ta rangaɗa wata irin guɗa da ta sa tsuntsayen kan tsamiya suka watse. Matan suka karɓa. Guɗa ta bi lungu-lungu, har waɗanda suke cikin gida ba su san me ake ba suka riƙa tayawa.

Rilwanu yana tsaye da hula a hannu, yana rarraba ido.

"Me ya faru? Cikinta ke ciwo? Shamsiyya, ki duba ta mana!"

"Na duba tun tuni. Ba kai ka ce ta yi ƙiba ba?"

"To ƙibar ce ta kawo guɗa?"

"Kai dai Allah ya shirye ka. Je ka fara neman rago."

Ya dube ta. Ya dubi matarsa da ta ja hijabi ta rufe fuska ruf. Ya dubi mahaifiyarsa tana rawa da sandar juya kifi. Sai ga shi ya ja da baya, ya ja da baya, ya juya ya zura da gudu. Abokansa suka bi shi da ihu. Bai tsaya ba sai bakin ruwa, nan ma bai tsaya ba, ya faɗa tsundum da rigarsa da wayarsa a aljihu.

Bulama Mala ya yi dariya har takunkumin ya zame.

"Me kake wa dariya?" in ji Inna Hajo. "Tashi ka ba ta kujera!"

"Hajo, ni fa Bulama ne."

"Ita kuma jikana take ɗauke da shi. Tashi!"

Bulama ya tashi. Aka zaunar da Bara'atu a kujerar da ba macen da ta taɓa zama a kai. Inna Hajo ta kwance gyalen ƙugunta ta hau yi mata fifita, tana faɗa tana hawaye.

"Da wannan kika hau kwalekwale? Da wannan kika durƙusa min a rana? In wani abu ya same shi fa? Kin ci abinci? Kai, wata ta je ta ɗauko min tarwaɗar nan da na ware, manyan, ba na kwandon kasuwa ba."

"Inna, ki yafe min, na ɓoye miki..."

"Yi min shiru. Ni ce zan ce ki yafe min, amma ba a gaban waɗannan ba."

*

Shamsiyya ba ta gama share nata hawayen ba ta ji an dafa teburin.

Mairam ce, ta riga ta zare hannu daga mayafi.

"Ni fa dama ban ce gaskiya ba ne, kunnawa kawai na yi. A yi min. Autana ya shekara shida ban sake ba."

"Ni ce a gaba!" in ji wata.

"Ni na riga ki zuwa!"

"A yi min biyu, tagwaye nake so!"

Kafin a ce haka mata sun yi wa teburin ca, ana ture-ture, bokitin wanke hannu ya kusa kifewa. Shamsiyya ta rungume kular ta haye kan benci, ta fizgi lasifikar hannu daga wajen abokin aikinta.

"Ku saurara! Wallahi duk wadda ba ta ja da baya ba, ba zan yi mata ba!"

Aka ɗan lafa.

"Ku ji da kyau, don kar gobe a ce Shamsiyya ta faɗa. Allurar nan ba ta hana haihuwa. Kun gani da idonku. Amma kuma ba ta sa haihuwa."

"Kai!" aka ce da baki ɗaya.

"Ba ta sawa! Cikin Bara'atu daga Allah ne, lokacinsa ne ya yi. Wannan riga-kafin korona ce kawai. Aikinta in cutar ta kama mutum kar ta kayar da shi, kar ta kai shi inda ta kai Kawu, mijin Gwaggo, Allah ya ji ƙansa. Wadda ta zo neman ɗa, ba ni da shi a cikin kular nan. Wadda ta zo don ta daɗe ta ga 'ya'yanta da jikokinta, ta hau layi."

Mairam ta fara mayar da hannunta cikin mayafi.

Sai ga wata murya daga baya, ta Iya Gana, wadda ta fi kowa tsufa a garin, ba haƙori ko ɗaya a bakinta.

"To alhamdu lillahi! Ni dama abin da ya hana ni matsowa ke nan. Na ce in aka yi min na ɗauki ciki, wa zai yi min wankan jego?"

Wurin ya kece da dariya. Wata ta riƙe ciki ta zauna a ƙasa. Iya Gana ta dogara sandarta ta ratsa su har gaban tebur, ta miƙa ɗan siririn hannunta.

"Soka, 'yar nan. Ina so in ci tuwon sunan ɗan Auta."

"Sai kin wanke hannu, Iya."

"Ba da hannu za a yi ba ai, a dantse ne."

"Duk da haka."

Ta wanke tana mita. Aka yi mata.

Daga nan Inna Hajo ta karɓe aikin. Ta ɗauki sandarta ta bi layin tana auna tazara tsakanin mace da mace.

"Ke, matsa. Ba ki ga zanen da aka yi a ƙasa ba? Ke kuma rufe hancinki da gefen mayafi in takunkumin bai kai kanki ba. Mairam, koma can ƙarshe."

"Inna, ni ce fa ta farko."

"A kai gulma ke ce ta farko. A nan ke ce ta ƙarshe."

Mazan da suka ga haka su ma suka fara sulalowa ɗaya-ɗaya, kowanne yana yi kamar wucewa zai yi ya tsaya gaisawa da Bulama. Aka buɗe musu nasu layin ta wajen masallaci. Duk wanda aka yi wa sai a ce ya zauna a benci ya ɗan huta tukuna. Shamsiyya tana yi tana maimaitawa: hannu zai iya yin tsami, wani zai ji ɗan zazzaɓi, kwana ɗaya ko biyu ya wuce, kar a ce aljanu ne.

Da rana ta fara karkata, layin mata ya ƙare, saura mutum ɗaya.

"Gwaggo."

"Me?"

"Ke ce."

Inna Hajo ta dubi sama, ta dubi gabas.

"Na bar kifi a wuta."

"An kashe wutar tun ɗazu," in ji Mairam daga kan benci.

"Wa ya tambaye ki?"

Matar da ƙayar tarwaɗa ta soka ba adadi, matar da ke cusa hannu a garwashi ta juya kifi, ga ta a gaban 'yar mitsitsiyar allura tana ja da baya.

Bara'atu ta taso daga kujerar Bulama ta kamo hannunta.

"Inna, ɗazu ke kika ara min. Yanzu riƙe nawa."

Tsohuwar ta zauna. Ta damƙe hannun surukarta, ta runtse ido, ta fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kwalekwale.

"Ki gaya min in za ki soka."

"An gama, Gwaggo."

Ta buɗe ido ɗaya.

"Ƙarya kike."

"Ga audugar nan a hannunki."

Ta duba. Ta gyara ɗankwali, ta miƙe tana kaɗe zani.

"Dama wannan ne? Shi ne kuke ta tsoro?"

Kowa ya fashe da dariya. Ta wuce ta gefen Shamsiyya kamar ba za ta tsaya ba, sai ta dangwarar mata da ƙunshin banda a kan tebur.

"Ki kai wa uwarki. Kuma kin rame, ba kya cin abinci."

Shamsiyya ta san iyakar ban-haƙurin da za ta samu ke nan. Ta karɓa da hannu biyu.

Can gefen tsamiyar Rilwanu ya lallaɓo ya dawo, rigarsa na ɗiga, ya tsaya bayan kujerar matarsa yana kallon wani wajen kamar ba da ita zai yi magana ba.

"Me ya sa ba ki gaya min a waya ba?"

"Tsoro nake ji. Kar a yi irin na wancan karon."

Ya sunkuyar da kai.

"Kuma ina so in ga fuskarka in ka ji."

"To kin gani?"

"Ƙeyarka na gani kana gudu."

Ya ƙunshe dariya. Ya durƙusa kamar mai gyara takalmi, ya ce a hankali yadda ita kaɗai za ta ji, "Allah ya sauke ki lafiya, Bara'atu. Allah ya bar min ku."

Ta ja hijabi ta rufe fuska, amma kafaɗunta sun nuna dariya take.

Shamsiyya ta fara tattara kaya ke nan aka jiyo hayaniya daga wajen kogi. Kamar waƙa, kamar kiɗan ƙwarya.

Mutane suka nufi bakin ruwa.

Daga cikin ciyawar kacalla kwalekwale ya ɓullo. Wani ya biyo shi. Wani ya biyo wannan. Kan a jima ruwan ya cika da su, kowanne maƙil da mata, wasu da goyo, wasu suna kaɗa mayafi, masu tuƙi na ta zuba filafili kamar ana tsere.

"Daga ina kuma?" in ji Bulama Mala.

"Mutanen Gadar Kuka ne," in ji Rilwanu. "Wa ya gaya musu?"

Duk aka juya aka dubi Mairam.

"Yayata kawai na kira," ta ce. "Kafin likita ta hau benci ne. Ban samu na sake kiranta na gyara ba, katina ya ƙare."

"Me kika ce mata?"

Mairam ta cusa wayarta cikin mayafi.

Ba sai ta amsa ba. A goshin kwalekwalen farko wani dogon mutum ne a tsaye da rawani. Abokan aikin Shamsiyya suka dubi juna, domin sun san shi sarai: Bulama Shu'ibu na Gadar Kuka, wanda makon jiya ya kore su daga garinsa da filafili, ya ce in suka dawo sai ya kifar da su.

Tun daga tsakiyar kogi ya naɗe hannun babbar rigarsa har kafaɗa.

Shamsiyya ta buɗe murfin kular ta leƙa. Ƙanƙara, ƙanƙara, sai kwalba ɗaya tal a kwance a lungu.

Bulama Shu'ibu ya haɗa tafukansa a baki ya kwarara kira:

"Ina likitar da ke rabon 'ya'ya? A fara da ni!"